Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne A Jirgin Sama?

Kowace shekara, da zarar watan Zulƙida ya kama aka fara kiran maniyyata zuwa sansanin alhazai, akwai wata tambaya da ba ta tsufa a bakin masu tafiya da masu rakiya: shin awa nawa jirgi ke yi daga Kano kafin ya sauka Jidda? Dattijon da ya sauke farali a zamanin mulkin Janar Gowon zai ce awa huɗu da rabi ne, ba ƙari. Wanda ya je a 2023 zai ce ina, shi ya fi awa shida yana ɗaure a kujera, har ƙafafunsa suka kumbura. Na uku kuwa da agogo zai kafa hujja. Zai ce ya tashi Kano ƙarfe goma na dare, da ya sauka ya tarar agogon filin jirgin Jidda ya nuna huɗu da rabi na asuba, saboda haka tafiyar awa shida da rabi ce, amma da zai komo gida sai ya ga kamar awa biyu da rabi kaɗai aka yi.

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kilomita 3,420 ko abin da ya yi kusa da haka, watau wajen mil 2,130, kuma haka nisan yake tun kafin a gina filayen biyu. Awoyin tafiya kuwa iyayen gijinsu suna da yawa: akwai gudun jirgi, akwai iskar da ke can sama, akwai bambancin agogon ƙasashe, sa'an nan akwai babban cikinsu, watau zaman lafiyar ƙasashen da ake ratsa samaniyarsu.

ZARE A KAN TASWIRA

Tun da yake duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, ba a auna nisa mai tsawo da rula a kan shimfiɗaɗɗiyar taswirar bango. Wanda ke son ya ga hanya mafi kusa sai ya nemi taswirar nan mai siffar ƙwallo irin ta makaranta, ya danne bakin zare a kan Kano, ya ja ɗaya bakin har Jidda, ya tamke shi. Inda zaren ya kwanta nan ce gajeriyar hanya, tsawonta ne kuma adadin da aka ambata a sama. Zaren zai bar Kano ya nufi gabas yana karkata arewa kaɗan, kimanin digiri 68 in an ƙirga daga arewa sosai. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen ɗora harsashin masallaci a ƙasar Kano ya san wannan fuska, gama ita ce alƙibla. Tsakanin Jidda da Makka bai kai kilomita 100 ba, saboda haka limamin da ya ta da kabbara a Masallacin Juma'a na cikin birni da matuƙin da ya ɗaga jirgi ya saita hancinsa zuwa Jidda kusan wuri ɗaya suke fuskanta.

In aka bi zaren nan da ido, za a ga ya ratsa Jigawa, ya wuce ta wajen Nguru, ya yanki ƙuryar Jamhuriyar Nijar ta wajen Diffa, ya bi ta arewacin Tafkin Cadi. Daga nan sai hamada zalla: arewacin Cadi da duwatsun Ennedi, arewacin Darfur, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, ya ratsa hamadar Nuba, ya faɗa Bahar Maliya. Rabon Nijeriya a cikin wannan tafiya bai kai kilomita 400 ba, watau kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai. Kafin ma'aikatan jirgi su gama raba ruwa an riga an bar ƙasar nan. Sudan ita kaɗai ta cinye wajen kilomita 1,400, kusan kashi biyu cikin biyar na dukan hanyar. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za a komo kansa. Jirage ba su bin zaren daidai wa daida, domin samaniya ma tana da hanyoyinta da aka shata, da mararraba, da masu ba da hannu a ƙasa, kuma bin waɗannan hanyoyi yakan ƙara 'yan kilomitoci a kan lissafin.

Ba kowane maniyyaci ne ke tashi daga Kano ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Daga Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 2,980 ne, daga Sakkwato 3,720, daga Ikko kuwa 4,200. Mutumin Ikko ya fi na Yarwa doguwar tafiya da fiye da kilomita 1,200, wajen awa ɗaya da rabi ke nan a sama. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa Hukumar Alhazai ta Ƙasa ke yanka kuɗin kujera shiyya shiyya. A 2025 maniyyacin Barno da Adamawa ya biya kimanin Naira miliyan 8.33, na sauran jihohin Arewa miliyan 8.46, na Kudu miliyan 8.78. Wanda kuma jirginsa zai sauka Madina kai tsaye, kamar yadda aka fi yi a shekarun baya-bayan nan, sai ya ƙara wajen kilomita 140 a kan na Jidda in daga Kano ya tashi.

YADDA KILOMITA KE ZAMA AWA

Babban jirgin fasinja, idan ya kai inda zai miƙe a can wajen ƙafa 35,000 daga ƙasa, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. In aka raba 3,420 da 850 za a sami awa huɗu cif. To, ina rabin awar da ake ƙarawa ta fito? Jirgi ba ya fara wannan gudu daga bakin ƙofa. Sai an tura shi baya, ya yi rarrafe zuwa bakin titi, ya jira izini daga hasumiya. Hawa sama yakan ci minti ashirin zuwa talatin, kuma a cikinsa gudun bai cika ba. Sauka ma haka: tun ana saura wajen kilomita 200 matuƙi ke fara gangarowa yana rage gudu, watau jirgin Jidda yana bisa Bahar Maliya ya fara shirin sauka. A lokacin aikin hajji kuwa samaniyar Jidda cike take da jiragen Indunusiya, da Pakistan, da Turkiyya, da Masar, kowa na jiran layi, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sa jirgi ya yi ta kewaye minti goma ko ashirin. Idan aka tara duka, awa huɗu da rabi zuwa biyar ne lissafin da ya dace da hanyar da ta miƙe.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan adadi bai ragu ba tun shekaru hamsin da suka wuce. Boeing 707 da ya yi jigilar alhazai a shekarun 1970 gudunsa ɗaya ne da na jiragen yau, in ma bai ɗara wasunsu ba. Masu ƙera jirage sun mai da hankali ne wajen rage shan mai, da rage ƙara, da ƙara yawan kujeru. Gudun da ya wuce wannan yana kusantar gudun sauti, kuma daga nan mai yake fara zuba kamar an huda tanki. Saboda haka jikan da ya hau sabon jirgi bana ba zai riga kakansa na 1975 isa ba ko da minti goma.

Batun agogo shi ne mafi sauƙi, amma shi ya fi rikita mutane. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Ba son rai aka bi aka sa haka ba: duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, Jidda kuwa tana gabas da Kano da digiri 30 da ɗoriya, saboda haka rana takan kai tsaka a can awa biyu kafin ta kai a nan. Takardar jirgi kullum da agogon garin da aka tashi take rubuta lokacin tashi, da agogon garin da za a sauka take rubuta lokacin sauka. Mai zuwa sai ya cire awa biyu daga abin da ya gani a rubuce, mai dawowa ya ƙara biyu. Wannan ya shafi salla ma. Mai tafiya gabas lokutan salla gudu suke yi su tarye shi: wanda ya tashi Kano bayan azahar, kafin ya sauka la'asar ta shiga ta fita, magariba ma ta yi. Haka nan wanda zai ɗauki harami a cikin jirgi ya kamata ya san jirgin na cin wajen kilomita 14 a kowane minti, saboda haka malaman bita suke nanata cewa a yi wanka a sa tufafin harami tun daga ƙasa, kada a tsaya neman jaka bayan an yi sanarwa.

Sai kuma iska. Gudun da aka ambata gudun jirgi ne a cikin iska, ita kuwa iskar tafiya take yi, kamar mai tuƙa kwalekwale a kogi, ko ya bi ruwa ko ya yi gaba da shi. Da hunturu, lokacin da iskar ƙasa ke busowa daga arewa maso gabas tana kawo ƙura, iskar can sama akasin haka take yi, daga yamma take kaɗawa zuwa gabas da ƙarfi, musamman a kan arewacin Sudan da Bahar Maliya. A lokacin nan zuwa Jidda ya fi dawowa sauri. Da damina kuwa sai abin ya juya, wata iska mai ƙarfi ta taso daga wajen Indiya ta ratsa Afirka ta nufi yamma, ta riƙa tura jirgin da ke komowa gida. Iskar kilomita 80 a awa ta isa ta ƙara ko ta rage fiye da minti ashirin a wannan hanya.

HANYAR KAKANNI

Kafin a san jirgi, wannan nisa da ƙafa ake cin sa, da jaki, da raƙumi. Ba ta kan zaren nan ake bi ba, gama babu ruwa a can. Ayari kan tashi Kano ya bi ta Barno, ya tsallaka zuwa garin da Faransawa suka sa wa suna Fort Lamy, wanda tun 1973 ake kira Njamena, ya nufi Abeshe a ƙasar Wadai, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya wuce Alfashir, ya kai Al'ubayyid a Kurdufan, sa'an nan Hartum, daga bisani Sawakin a bakin teku. A nan ake jiran jirgin ruwa a tsallaka kimanin kilomita 300 na Bahar Maliya, mashigin da jirgin sama ke gamawa yau cikin abin da bai wuce rabin awa ba.

Mai tafiyar kilomita 25 kullum, ba hutu ba ciwo, zai ci tsawon zaren nan cikin kwana 137. Amma ba a taɓa yin ta haka ba. Guzuri kan ƙare, damina ta tare hanya, sai a yada zango a yi noma, ko a yi ƙodago, a tara abin da za a ƙara gaba. Tafiyar takan ɗauki shekaru, har ya zama wanda zai tashi sai ya raba gadonsa da baki, ya nemi gafarar dangi, domin ba a sa ran lalle a sake ganawa. Yaro kan bar gida a goye ya isa Makka yana kora jaki. Da yawa kuma ba su isa ba, ko sun isa amma ba su komo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mahajjatan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka riƙe aikin da hannunsu. Hausawan da ke Sudan a yau, a Jazira, da Gadarif, da Kasala, da bakin Shuɗin Nilu, akasarinsu jikokin wannan hanya ne.

Abin sha'awa, jirgin sama na farko da ya sauka Kano ta wannan hanya ya zo, sai dai ya biyo ta daga gabas. Ran 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka yi ta yada zango a Hartum, da Alfashir, da Fort Lamy, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Kwana shida ke nan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kai wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano sau ɗaya a mako, yana sauka a garuruwan nan na ayari ɗaya bayan ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma ta nan aka riƙa wucewa da jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a bi da su Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Jinaina, Alfashir, Hartum, har Masar. Ƙananan jiragen wancan zamani ba su iya dogon zango, dole su bi inda akwai rijiya da mutane, kamar dai raƙumi.

Jirgin ƙasa da ya iso Al'ubayyid a 1912 ya rage wa mahajjata ƙarshen wahalar, mota kuma ta rage farkonta. A 1948 Alhaji Mahmudu Ɗantata da wasu attajiran Kano suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wadda gajeren sunanta, WAPA, ya zama sunan kasuwar 'yan canji ta Fagge. Da manyan motoci tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Cikin shekarun 1950 aka shiga ɗaukar alhazai ta sama. Jiragen farfela na lokacin, irin su DC-4, gudunsu bai wuce kilomita 350 zuwa 370 a awa ba, watau wajen awa goma a sama, ban da tsayawa shan mai. Da manyan jirage masu injin jet suka karɓi aikin, sai aka daina sauka ko'ina a tsakani. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Tun daga wannan zamani Cadi da Sudan suka fita daga labarin hajji. Alhaji kan ratsa su cikin dare yana barci, bai san ya wuce bisa kabarin kakansa ba.

RANAR DA SUDAN TA RUFE

Ran 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfatah Alburhan da rundunar RSF ta Janar Muhammad Hamdan Dagalo. Filin jirgin saman Hartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka ƙona jirage a ƙasa, har da wani na kamfanin Saudia. Nan take aka rufe samaniyar ƙasar. Abin bai tsaya ga Sudan kaɗai ba, domin a lokacin daga Hartum ake kula da manyan hanyoyin sama na Sudan ta Kudu, saboda haka rufewar ta shafe su su ma. Saura kwana arba'in a fara jigilar alhazan Nijeriya, waɗanda aka ba kujera 95,000 a shekarar, kuma an riga an yanka kuɗin kujera an karɓa bisa lissafin tsohuwar hanya.

Kilomita 1,400 ɗin nan da aka ce mai karatu ya riƙe, su ne suka toshe. In an dubi taswira, kewayawa ta arewa ba ta da yawa: a bi ta ƙuryar kudu maso gabashin Libiya a shiga Masar ta wajen Aswan, ƙarin bai wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba. Amma Libiya tun 2011 ba ta zauna daidai ba, kuma hukumomin jiragen sama na ƙasashe da dama sun daɗe suna gargaɗin kamfanoni game da samaniyarta. Wanda zai kauce wa Sudan gaba ɗaya ta kudu kuwa sai ya bi Kamaru, da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da gefen Kwango, da Yuganda, da Kenya, da Habasha, sa'an nan ya juyo arewa ya bi Bahar Maliya. In aka auna wannan a taswira daga Kano ya haura kilomita 5,000. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara. Hukumar Alhazai ta bayyana cewa ƙarin lokacin zai kama daga abin da ya kusa awa biyu har zuwa awa uku, gwargwadon garin da jirgi ya tashi.

Awa biyu a bakin mai magana ba wani abu ba ne, amma a littafin kamfani dukiya ce. Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazan ƙasar nan da shi, yana shan wajen tan 10 na mai a kowace awa. Jirgin alhazai kuma sau huɗu yake bin hanya saboda kowane sahu: ya kai su, ya komo wayam, bayan an sauko Arfa ya tafi wayam, ya kwaso su. Ƙarin awa biyu sau huɗu awa takwas ke nan, tan 80 na mai. In an raba wa mutum 500, kowane alhaji ya tashi da kilo 160, abin da ya fi nauyinsa da na kayansa a haɗe. Ban da wannan, kowace ƙasa da aka ratsa samaniyarta sai an nemi izininta an biya ta kuɗin hanya. Sa'an nan doka ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai yi a bakin aiki, kuma jirgin da a dā zai je ya komo cikin rabin yini ya sake lodi, a 2023 sahu ɗaya ya riƙa cinye masa ƙarin awoyi.

Saboda haka kamfanonin jiragen gida suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar jigila da fari, sai da aka daidaita a kan ƙarin Dala 250 a kan kowace kujera. Gwamnatin Tarayya ta yafe wasu kuɗaɗen da hukumomin filayen jirgi ke karɓa, aka nemo wani kaso daga wasu wurare, ragowar kuma aka cire Dala 100 daga kuɗin guzurin maniyyatan jihohi. Manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera, wanda watakila bai taɓa jin sunan Alburhan ko Dagalo ba, ya isa Makka da guzurin da ya ragu saboda rigimarsu. An fara jigila ran 25 ga Mayu, aka kuma kwashe mutane kafin a rufe filayen Saudiyya. Daga baya an tsara wasu hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu da suka rage kewayen. A cikin Agustan shekarar kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ta rufe tata samaniyar har wajen wata guda, jiragen da ke tsakanin Nijeriya da Turai su ma suka ɗanɗana irin wannan kewaye.

Ƙarin awa biyu da Dala 100 shi ne abin da ya iso nan. Abin da ya sami mutanen da ke ƙarƙashin hanyar ya fi ƙarfin a kwatanta da wannan. Jinaina, inda ayari ke fara shan ruwan Darfur, ta ga kisan jama'a mai yawa a 2023. Alfashir ta shiga ƙawanya a Mayun 2024. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamban 2023, soja suka karɓe shi a Janairun 2025, kuma a tsakiyar 2024 yaƙin ya kai jihar Sannar inda Mai Wurno take. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, cikinsu har da masu jin Hausa kamar na Kano da Sakkwato. Bai kamata a ce sai ta kuɗin kujera kaɗai labarinsu zai shigo sansanin alhazai ba.

AWOYIN DA BA A RUBUTAWA A TIKITI

Ko da hanya ta miƙe, matuƙi ba ya ɗaukar man awa huɗu da rabi kawai. Ƙa'ida ta wajabta masa ya ɗauki na isa inda za shi, da na zuwa wani fili dabam in aka kasa sauka, da na kewayen rabin awa a sama, da ɗan ƙari saboda abin da ba a zata ba. Sauya filin sauka abu ne da ke faruwa. Jirgin Boeing 707 da Nigeria Airways ta yi haya daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda ya taso Jidda da alhazai ran 22 ga Janairu 1973, Ikko ya nufa. Rashin kyan yanayi a can ya sa aka juyo da shi Kano, inda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 daga cikin 202 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Sai dai mafi yawan awoyin da ke gajiyar da alhaji a yau a ƙasa ake cin su. Akan kira mutum sansani tun da hantsi saboda jirgin da zai tashi tsakar dare, a tantance fasfo, a raba guzuri, a auna kaya, a yi layin jami'an shige da fice. In jirgin ya makara a sahun baya, makarar nan takan bi dukan sahun da ke biye, tsoho da tsohuwa su kwana a kan tabarma. A can kuma, ƙarƙashin manyan rumfunan tashar alhazai ta filin Jidda da aka buɗe a 1981, akwai wani jiran kafin a hau motar Makka. Sau da yawa in aka ƙirga daga ƙofar sansani zuwa ƙofar masauki, zaman cikin jirgi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ba. Iskar sama da yaƙin Sudan ba su hannun hukumomin alhazai na jihohi, amma wannan jira yana hannunsu, da su da kamfanonin da suka ba aiki. Saudiyya tana da wani tsari da ake kira Hanyar Makka, wanda a cikinsa jami'anta ke gama tantance alhaji tun a filin jirgin ƙasarsa, in ya sauka sai ya wuce mota kai tsaye. Kwaddibuwa ta shiga tsarin a 2023.

Akwai kuma wani lissafin da ke tafe. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, saboda haka aikin hajji yana ja da baya, yana kewaye damina da rani cikin shekara 33. An yi tsayuwar Arfa ran 27 ga Yuni a 2023, ran 5 ga Yuni a 2025. In aka ci gaba da ƙirga, a wajajen 2033 Babbar Salla za ta faɗo cikin Maris, jigilar zuwa kuma cikin Fabrairu, kafin 2038 kuwa zuwa da dawowa duka za su kasance a tsakiyar hunturu, kamar yadda aka yi a farkon shekarun 1970. A lokacin iskar sama za ta riƙa tura jirgin da ya nufi Jidda, ta riƙa danne na dawowa. Hazo kuma, wanda kan hana jirage sauka a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri har na yini guda ko fiye, zai shigo cikin lissafin kowane sahu, kuma filin da na'urorinsa na saukar da jirgi cikin hazo ba su aiki sosai zai riƙa tura alhazansa Abuja su ƙarasa gida a mota.